Ranar da Ustaz Zaglul Ya Sake Angwancewa Don Ya Biya Bashin Kati

Duk wanda ya taɓa zaman shan shayi a shagon Ma'allim Garib, nan bakin layinmu a birnin Tanta na ƙasar Masar, ya san Ustaz Zaglul ko yana so ko ba ya so. Ba malami ba ne, magatakarda ne a wani kantin tayil, aikinsa rubuta rasit, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ke ba ministan kuɗi shawara. In ka sayi babur, ya ce an cuce ka. In ka sayar, ya ce ka yi gaggawa. In ba ka saya ba kuma ba ka sayar ba, ya ce ka bar kuɗinka suna barci.

Abin alfaharinsa a duniya katunan bashi ne guda uku na bankuna uku, shuɗi da ja da mai ruwan zinariya. Yakan zaro su ya baje a kan tebur kusa da kofin shayi.

"Ku duba nan ku ƙaru," in ji shi. "Ranar biyar ga wata shuɗi ya biya ja. Ranar sha biyar ja ya biya na zinariya. Ranar ashirin da biyar na zinariya ya juyo ya biya shuɗi. Ni kuwa ina tsakiya ina shan shayina. Wannan shi ake kira ilimi."

"To shayin fa, wanne daga cikinsu zai biya?" in ji Ma'allim Garib.

"Rubuta, Ma'allim, rubuta. Babban mutum ba ya yawo da tsabar kuɗi."

Shekara uku yana wannan juyi, kuɗin ruwa na taruwa a ƙasa bai ko waiwaya ba, har ranar da katunan uku suka cika maƙil, babu mai sauran numfashin da zai biya ɗan'uwansa. Bashi ya tsaya fam dubu casa'in. Takardu uku suka iso a mako ɗaya kamar sun haɗa baki, kowace tana cewa nan da ƙarshen wata ko kuɗi ko kotu.

Matarsa Ni'imat, wadda duk layi ke kira Ummu Samah da sunan 'yarsu ɗaya tilo, ita ta tsinci takardun a aljihun wandonsa za ta yi wanki. Mace ce mai ɗinkin labule, ba ta da yawan magana. Awarwaro huɗu na zinariya gare ta a hannun dama, gadon mahaifiyarta, kuma ba ta cire su ko da za ta kwaɓa ƙullu. Da ƙararsu Zaglul ke sanin ta tashi da asuba, da ƙararsu yake sanin shayi na tafe. Ta ajiye masa kwanon wake da gurasa, ta ajiye takardun a gefe.

"Abu Samah, mene ne wannan?"

"Gaisuwa ce daga banki. Manyan abokan hulɗa kaɗai ake aika wa."

"Gaisuwa da hatimin lauya?"

Ya cusa gurasa a baki don kada ya amsa. Ta zauna, ta dubi hannunta.

"Na biya ta wajen Ammu Girgis maƙerin zinariya. Ya duba su a hannuna. Ya ce kowane ɗaya zai yi dubu talatin. Uku za su rufe bashin." Ta shafa awarwaron. "Wallahi raina ba ya so. Su kaɗai suka rage mini daga Mama. Amma ba zan zauna ina kallo a ja ka kotu ba."

Zaglul ya miƙe tsaye da gurasa a hannu.

"Ni? Ina raye a sayar da zinariyar surukata? Na rantse da kabarin ubana ko ɗaya ba zai fita daga hannunki ba! Ki ba ni kwana uku. Wannan kan da kike gani ba don hula aka yi shi ba."

Ai kuwa ko kwana ɗaya bai cika ba dabara ta faɗo masa. A wajenmu in ana biki, kowa kan je ya ba da gudummawa, wadda muke kira nukta. Sanƙira ya ɗaga lasifika ya faɗi sunanka da abin da ka bayar, marubucin gidan ya shigar a littafi. Ranar da naka bikin ya zo sai a buɗe littafi a mayar maka da daidai abin da ka kai. Bashi ne, kowa ya sani, sai dai bashi ne mai kiɗa. Shi kuwa Zaglul bai taɓa yin biki ba, don lokacin aurensu mahaifin Ni'imat bai daɗe da rasuwa ba, aka ɗaura shiru aka kawo amarya. Shekara ashirin da biyar ke nan yana zuwa bukukuwan mutane, kuma yana da littafinsa.

Ya zaro littafin daga ƙarƙashin katifa, ya lissafa, ya sake lissafawa, ya buga tsalle.

"Dubu ɗari biyu! Ummu Samah, dubu ɗari biyu nake bin mutanen garin nan! Za mu yi bikin da ba mu yi ba. Ni ango, ke amarya. Mu biya banki, mu sayi mota da canji."

"Amarya? Da furfurata?"

"Akwai lalle."

Ya zaci za ta yi masa ihu. Sai ta je ta jawo aljihun keken ɗinkinta, ta duba wani abu a ciki, ta mayar ta rufe.

"To, a yi," ta ce. "Amma da sharaɗi. Kujeru da lemo kawai. Kada ka ci bashin ko fam ɗaya saboda bikin nan. Rantse."

Ya rantse, har da ɗaga hannu biyu. Suka kira 'yarsu Samah da ke karatu a Iskandariya suka gaya mata. Ta ce tana da jarrabawa ba za ta samu zuwa ba, alhali duk ƙasar hutu ake yi.

Da yamma ya kai labari shagon shayi. Usta Ragab makanike, yayan Ni'imat, wanda tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ganin Zaglul da gashi ba, ya ajiye tiyon shisha ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka ce za ka auri ƙanwata?"

"Zan yi mata bikin da ya dace da ita."

"To ni ne waliyyi, kuma ban yarda ba. Wancan karon ba mu san ka ba. Yanzu mun sani."

Shago ya kwashe da dariya. Zaglul ya kaɗa kai irin na mai tausayin jahilai.

"Yi dariyarka, Usta. Ranar Juma'a ta sama kai zan ɗora a kan littafi, ka rubuta da hannunka, ka ga yadda kuɗi ke bin mai ilimi."

"Na karɓa," in ji Ragab. "Ko ba a biya ni ba zan yi wannan aikin."

To, kujeru da lemo aka ce. Amma da Zaglul ya kwanta ya yi tunani sai ya ga ai ba a kama babban kifi da ƙaramar ƙugiya. Wa zai zaro dubu biyar a gaban kwalbar lemo? Dole a yi rumfa, dole makaɗa, dole nama. Washegari ya je babban kantin da ke hanyar tasha, inda wani kamfanin ba da bashi ya kafa tebur a ƙofa. Suka dubi takardar albashinsa, ba su tambayi sauran ba, shi ma bai faɗa ba. Ya fito da kati na huɗu, baƙi wuluk mai sheƙi, na dubu sittin. Ya sumbace shi a bakin titi.

Sai dai mai rumfa ba ya karɓar kati, mahauci ma haka, makaɗa kuwa ko maganar ba sa son ji. Nan Zaglul ya yi abin da muke kira ƙona kaya. Ya koma cikin kantin ya sayi firji mai ƙofa biyu da injin wanki da talabijin, dubu sittin cif a kan kati, ya kira dillali ya sayar da su a ranar, ko kwalinsu ba a buɗe ba, a kan dubu arba'in da biyar tsaba.

"Yau na yi wa wani wawa wayo," ya gaya wa mutanen shago, bai dai faɗi da wane kati ba. "Na ba shi ƙarfe, ya ba ni kuɗi."

"Allah ya ƙara mana irin waɗannan wawaye," in ji Ragab, yana busa hayaƙi sama.

Kwana biyu bayan haka Ni'imat ta sauko za ta kasuwa ta tarar da maraƙi ɗaure a ƙarƙashin matakalar bene, yana cin tabarmar ƙofar maƙwabta.

"Abu Samah! Wannan na wane ne?"

"Namu ne. Maigidana na kanti ya ba da gudummawa."

"Mutumin da ke yanke maka albashi in ka makara minti biyar?"

"Ya tuba."

Maraƙin ya kwana takwas a wurin. Ya cinye tabarma biyu da igiyar shanya, ya hana tsohuwar hawa na biyu fita sallar asuba, kuma duk wanda zai hau bene sai ya toshe hanci. Zaglul ya ce wa masu ƙorafi su yi haƙuri, ranar Juma'a za su rama a kansa.

Kwat ɗin aurensa ta shekara ashirin da biyar ya ce zai sa, don a ga bai canja ba. Tela ya buɗe duk inda zai buɗu, ya ce iyakar ƙoƙarinsa ke nan, sauran sai ango ya riƙe numfashi. Ni'imat kuwa ta ce in ya ƙara ambaton farar rigar amare a gabanta za a yi bikin babu amarya.

Amma babbar ɓarnar a katin gayyata ya yi ta. Ya buga ɗari uku masu ruwan zinariya, ya zauna da littafinsa, ya bi kowane kati ya rubuta a baya da jan biro: "Tunatarwa: fam dubu biyu." Wani dubu uku, wani dubu biyar. Ko a tarihin kakanni ba a taɓa yin haka a Tanta ba. Nukta bashi ce, amma ba a tambayarta, kunya ce ke karɓo ta. Duk gidan da katin ya shiga sai maigida ya juya bayansa, ya karanta, ya ce, "Dubu uku? Ni? Yaushe?" Daga nan sai a hau kan kabad a sauko da tsohon littafin biki, a kaɗe ƙura, a nemo sunan Zaglul. A makon nan babu gidan da ba a ji dariya ta tashi ba a layinmu, shi kuwa ya ɗauka murnar bikinsa ake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka toshe layi da rumfa mai ja da kore. Kujeru ɗari uku, makaɗa bakwai, ƙamshin nama har titin gaba. Aka ɗora ango da amarya a kan dandamali, kan kujeru biyu masu ruwan zinariya. Zaglul na zaune a sandare cikin kwat, ba ya iya juya wuya. Ni'imat na gefensa cikin doguwar riga ruwan toka, tana bin rumfar da makaɗan da kallo tana lissafi a zuci.

"Duk wannan maigidanka ne?"

"Mutumin kirki ne, ba a fahimce shi ba ne."

Mutane kuwa sun zo, babu kujerar da ta rage. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya ɗaga wa sanƙira hannu, wani siriri mai muryar tsawa da ake kira Shiha, wanda ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya taɓa lasifika. Usta Ragab ya zauna a teburin ƙasa da sabon littafi da buhun da Zaglul ya tanada don zuba kuɗi.

"Gaisuwa ga ango!" Shiha ya kwarara. "Ango na jiya, ango na yau! Likitan kuɗi! Mai kati uku, ba ya taɓa tsaba! Wa zai buɗe mana fage?"

Ma'allim Garib ya taso da ƙunshi a hammata. Zaglul ya raɗa wa matarsa, "Dubu biyu ke nan. Fara ƙirgawa."

"Ma'allim Garib, sarkin shayi!" in ji Shiha, yana buɗe ƙunshin. "Ya kawo... agogon bango! Mai tambarin banki a tsakiya!"

"Shi ya kawo mini ranar bikin ɗana," in ji Ma'allim da ƙarfi. "Kyauta aka ba shi da ya karɓi jan kati. Ga shi na mayar, yadda ya zo. Tun ranar yake kan ƙarfe huɗu da minti goma."

"Agogon ƙasar waje ne!" Zaglul ya yi ihu daga sama. "Na kimanta shi dubu biyu!"

"To ka karɓi dubu biyunka, Ustaz."

Ragab ya lashi bakin biro. "Agogo ɗaya, matacce," ya faɗa yana rubutawa, ya jefa a buhu.

Sai ga Hajji Sabri wanzami, da takarda a hannu. Bai kawo ƙunshi ba, lasifikar ya nema.

"Ranar bikin 'yata," in ji shi, "Ustaz ya ce shawararsa ta fi kuɗi. Ya karɓi lasifika ya yi mana bayanin yadda ake tattalin gida, minti arba'in, har shinkafa ta huce. A bayan katina ya rubuta dubu uku. To ni ba na cin bashin kowa. Ku zauna da kyau."

Ya gyara tabarau ya fara karanto yadda ake kula da gashin baki, tun daga wanki har shafa mai. Jama'a na tafi suna cewa ya ƙara. Zaglul ya yunƙura zai tashi, kwat ta ce ɓarrr daga baya, ya koma ya zauna da sauri. Da ƙyar aka karɓe lasifikar bayan minti goma, Hajji Sabri na rantsuwa cewa saura talatin, zai kawo su har gida.

Daga nan abin ya zama layi. Mai gyaran famfo ya kawo maƙalin makulli guda shida masu tambarin banki. Direban tasi ya kawo kalandar shekarar da ta wuce da shekara tara. Ammu Girgis maƙerin zinariya, dattijo mai natsuwa, ya hau ya raɗa wa Shiha magana.

"Ammu Girgis!" Shiha ya tsala ihu. "Fam dubu biyar!"

Makaɗa suka buga, Zaglul ya ɗaga hannu sama, idonsa ya kawo ruwa. "Kun gani? Kun ga ɗan halak?"

"Zai kawo gobe!" Shiha ya ƙarasa.

"Haka ka yi mini a bikin 'yata Mariyana," in ji Ammu Girgis cikin ladabi. "An faɗi dubu biyar a lasifika, ka ce gobe. Yanzu 'ya'yanta uku."

Wata mata ta faɗo daga kujera don dariya. Ragab ya rubuta, "Gobe, dubu biyar," ya buɗe bakin buhu ya yi kamar yana zuba wani abu, ya ɗaure. Da aka gama da maza, abin da ke cikin buhun tsaba fam ɗari da saba'in ne, su ma wani baƙo ne daga garin Mahalla ya bayar, ya zaci bikin wani ne.

Zaglul ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya buɗe baki zai yi jawabi a kan butulcin ɗan Adam, sai Ummu Hani mai sayar da kifi ta miƙe daga ɓangaren mata, ta gyara mayafi.

"Kun gama wasanku? To ku matsa. Mu ba wajensa muka zo ba."

Ta hau dandamali ta wuce ango kamar ba ta gan shi ba, ta sumbaci Ni'imat, ta danƙa mata kuɗi a hannu. "Dubu ɗaya da ɗari biyar. Ranar bikin Hani kin kawo mini su a cikin kwanon mahshi, ganyen nan mai cushen shinkafa, kin ce kada mijinki ya ji." Bayanta matar Ma'allim Garib, bayanta matar wanzami, bayanta matar Ammu Girgis. Ashe shekara ashirin da biyar, duk bikin da Zaglul ya je ya yi abin kunya a gaban maza, Ni'imat kan bi ta ƙofar mata da kuɗin labulenta ta wanke musu fuska. Littafinta ne a aljihun keken ɗinki, kuma nata babu kimantawa a ciki. Shiha ya yi ta kiran sunaye har muryarsa ta dushe. Ragab ya tara, ya ƙirga sau biyu.

"Dubu sittin da ɗari huɗu!"

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ni'imat ta rufe fuska da tafin hannu, awarwaronta na ƙara. Ta juyo ga mijinta tana murmushi, karo na farko a ranar.

"Abin da na lissafa ke nan. Saura dubu talatin. Awarwaro ɗaya kawai zai tafi, Abu Samah, uku za su zauna. Alhamdu lillahi."

Mutum mai hankali da sai ya yi shiru. Zaglul kuwa ya fizge lasifika.

"Jama'a, kun gani da idonku! Wa ya kawo dabarar bikin nan? Ni! Wa ya san kuɗin na nan kwance? Ni! Nawa ko nata, ai duk aljihu ɗaya ne, kuma..."

"Tsaya, angon ƙanwata," in ji Usta Ragab. "Waliyyi bai ba da tasa ba tukuna."

Ya yi fito. Aka turo baro daga bayan rumfa, a kai ga firji mai ƙofa biyu, sabo fil, an ɗaura masa jan ƙyalle.

"Na saye shi da araha wajen dillali," in ji Ragab. "An ce wani mai ilimi ne ya yi wa wawa wayo. Ni ne wawan. Ga shi na ba ƙanwata. Shiha, karanta mana takardar garantin da ke manne a ƙofa, don a san ba na sata ba ne."

Shiha, da yake an biya shi ya karanta duk abin da aka miƙa masa, ya karanta. Sunan mai saye Zaglul Abdus-Sabur. Ranar saye, Talatar makon jiya. Kaya uku a rasit ɗaya, dubu sittin, an biya da katin bashi.

Makaɗa suka yi tsit. Ni'imat ba ta ɗaga murya ba, ta miƙa hannu kawai.

"Walat ɗinka."

"Ummu Samah, bari mu je gida in yi miki bayani a tsanake, akwai lissafin da..."

"Walat ɗinka, Zaglul."

Shekara ashirin rabon da ta kira sunansa. Ya miƙa. Ta zaro shuɗi, ta zaro ja, ta zaro mai ruwan zinariya, sannan ta zaro baƙin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ka rantse mini," ta ce. "Da hannu biyu."

Bai ce komai ba. Duk Tanta ba wanda ya taɓa ganin haka.

Ta tura kuɗin matan gaban yayanta. "Yaya, wannan na baƙin kati ne, gobe ka kai da kanka ka karɓo takarda." Sannan ta dubi ɓangaren maza. "Ammu Girgis, ka zo da ma'auninka?"

"'Yata, ba a nan ba. Ki bari sai..."

"A nan. A gaban mutane aka yi fankamar ilimi, a gabansu za a biya."

Ta kama awarwaro na farko ta murza. Ya ƙi fita, don shekarunsa a hannun sun fi na Samah a duniya. Ummu Hani ta kawo sabulu da ruwa. Na farko ya fita, na biyu ya fita, na uku ya fita ya bar mata jan shaida a wuyan hannu. Ba ta yi kuka ba, Ummu Hani ce ta yi mata. Daga nan ta buɗe jakarta ta ciro almakashin labule, ta jera katunan huɗu, ta datse su ɗaya bayan ɗaya a gaban lasifika, kowa na jin ƙas, ƙas. Ta zuba gutsattsarin a buhun, kan mataccen agogo.

"Shiha, faɗa musu a ci nama," ta ce. "An riga an biya shi da tsada."

Aka ci kuwa, har tsohuwar hawa na biyu ta nemi ƙari, ta ce tsakaninta da maraƙin nan akwai tsohuwar magana.

Tun daga ranar albashin Zaglul a hannun Ni'imat yake sauka. Kowace safiya takan ajiye masa fam ashirin kusa da kofi, kuɗin mota da shayi ɗaya. Bayan kwana uku ya dawo shagon Ma'allim Garib, ya zauna, ya gyara murya.

"In kun lura, tsarin ya yi aiki. Bashi ya tafi, kati ya tafi, ga firji. Da ma abin da na shirya ke nan tun farko, a hankali..."

"Tsaba ko rubutu?" in ji Ma'allim.

Ya ciro fam biyar ya ajiye. Shago ya yi tafi.

Amma a gida ba ya wannan maganar. Washegarin biki ya makara sallar asuba, abin da bai taɓa yi ba, don babu ƙarar da ta tashe shi. Ya fito ya tarar da ita a kicin tana kwaɓa ƙullu, awarwaro ɗaya na hawa da sauka a hannunta shiru. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe.

"Ummu Samah," ya ce a hankali, "ina da wata dabara da za ta dawo da ukun nan kafin..."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi almakashin da ke rataye a ƙusa.

"Nawa ne ɗaya?" ya tambaya.

"Dubu talatin."

Ya koma ɗaki, ya ɗauki fam ashirin ɗinsa, ya cire goma ya saka a aljihun keken ɗinki, kan littafinta. Ranar da ƙafa ya tafi aiki.